Ƙurajen Fuska Bayan Ƙuruciya Ta Wuce

Abin da galibin mutane suka ɗauka, masu karatu da waɗanda ba su yi ba, shi ne ƙurajen fuska lalura ce ta zamanin balaga, wadda ke sauka wa yaro ko yarinya tun suna 'yan shekara 13 ko 14, ta yi zamanta na ɗan lokaci, sa'an nan ta yi sallama da zarar an yi aure ko an yi haihuwar fari. Saboda wannan zato ne, idan mace ta ba shekara 40 baya, ta aurar da 'ya ko tana cikin shirin aurarwa, kuma sai ga ƙurji mai tauri ya taso mata a gefen haɓa, irin wanda ba ya nuna kai balle ya fashe, sai dai ya yi ta zogi a ƙarƙashin fata har mako biyu, to, kunyar da za ta ji takan fi ciwon nauyi, domin ta riga ta san maganar da ke jiran ta a gidan suna. Wata za ta ce mata cikin raha, "Hajiya, ashe har yanzu ba ki gama balaga ba?" Wata ta ce jininta ne ya yi zafi, wata ta ce ta bar cin gyaɗa, wata kuma, wadda ta fi kowa tausayi kuma ta fi kowa ɓarna, ta ja ta gefe ta ba ta sunan mai haɗa man da zai share fuskar cikin kwana uku.

Alhali kuwa wannan abu ba baƙo ba ne ga manyan mata. A shekarar 2008 wasu likitocin fata na Jami'ar Alabama da ke Birmingham ta ƙasar Amurka suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 1,013, waɗanda duk sun kai shekara 20 zuwa sama, suka tarar fiye da rabin matan sun yi fama da ƙuraje tsakanin shekara 20 da 29, kashi 35 cikin ɗari tsakanin 30 da 39, kashi 26 tsakanin 40 da 49, har ma bayan shekara 50 kashi 15 ba su rabu da su ba. Maza kuwa, waɗanda a lokacin samartaka su ne suka fi shan wahala, a shekarun arba'in kashi 12 kaɗai suka rage. Wato a waɗannan shekaru mace ɗaya cikin huɗu tana ɗauke da wannan lalura a daidai lokacin da jama'a ke ganin ta fi ƙarfinta. Wasu daga cikinsu tun balaga ƙurajen ba su taɓa barin su ba, wasu kuwa sun yi budurcinsu da fuska sumul, sai bayan haihuwa ta uku ko ta huɗu abin ya same su, kuma waɗannan su suka fi ruɗewa.

Kafin a yi maganar magani wajibi ne a san inda cutar take tsirowa. Kowane gashi a jikin ɗan Adam, har da ƙananan nan na fuska waɗanda sai an ƙura ido ake ganin su, yana fitowa ne daga wani ɗan rami, a gefen ramin kuma akwai 'yar jaka mai tatso maiƙo, wanda hikimar halitta ta tanada domin ya tausasa fata ya hana ta tsagewa. Muddin maiƙon yana bin gashi yana fita a hankali, babu wata illa. Amma idan ya yawaita, kuma mataccen ɓawon fata da ya kamata ya kakkaɓe ya dunƙule a bakin ramin, sai abin ya zama kamar kwatar gida da shara ta toshe, ruwa na ta zuwa ta baya babu mafita. A cikin wannan toshewa ce wata ƙwayar halitta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, take samun abinci da mafaka ta hayayyafa, jiki kuma ya tashi yaƙi da ita, daga nan kumburi da zafi da mugunya suke samuwa. Baƙin ɗigon nan da ake gani a kan hanci ba dauɗa ba ce, maiƙo ne da launin fata da iska ta taɓa suka yi duhu, kuma tun makonni kafin ƙurji ya bayyana a zahiri aka fara gina shi a baɗini. Wanda ya fahimci wannan ya gane dalilin da ya sa yawan wanke fuska ba ya warkarwa. Matar da ke alwala sau biyar a yini ai ba tsabta ta rasa ba.

To, me ke sa maiƙo ya yawaita ga wadda ta daɗe da barin ƙuruciya? Amsar tana ga sinadaran nan da ake kira hormon, waɗanda wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini su kai umarni ga sauran jiki. Daga cikinsu akwai dangin androjin, waɗanda testosteron ne ya fi shahara a cikinsu, kuma ko da yake da mazantaka aka san su, kowace mace tana da rabonta daga gare su, wanda gidan ƙwanta da wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda suke samarwa. Androjin ne ke umartar jakar maiƙo ta yi aiki. Estrojin kuwa, wato sinadarin matantaka, shi ke rage masa kaifi, ta hanyar sa hanta ta ƙera wani furotin mai kama testosteron ya ɗaure shi a cikin jini. Saboda haka al'amarin a kan mizani yake tsakanin waɗannan biyu, kuma duk abin da ya girgiza mizanin, fuska takan ba da labarinsa. Shi ya sa mata da yawa suke iya lissafa zuwan haila da ƙurjin da ke fito musu mako guda kafinta, shi ya sa kuma wasu ke ganin fuskarsu ta sauya a cikin goyon ciki ko a lokacin jego. Amma girgiza mafi tsawo ita ce ta shekarun da ke gabanin yankewar haila, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce galibi tana aukuwa ne tsakanin shekara 45 da 55. A cikin waɗannan shekaru, da haila ke zuwa tana ɓacewa ba bisa ƙa'ida ba, estrojin yana hawa yana sauka har ya faɗi ƙasa, alhali androjin sannu a hankali yake raguwa, sai ya wayi gari shi ke da rinjaye ba don ya ƙaru ba, don dai abokin hamayyarsa ya yi rauni. Daga nan ne ƙuraje masu zurfi ke yi wa haɓa da muƙamuƙi da saman wuya ƙawanya, wani lokaci tare da 'yan gashi masu kauri a haɓa. Abin da ke ƙara wa mas'alar wuya shi ne, fatar mai wannan shekaru ta fara bushewa ta yi laushi, don haka maganin da budurwa za ta shafa ta kwana lafiya, ita zai iya ƙona ta. Galibin irin waɗannan mata kuma, in an auna jininsu, za a tarar androjin ɗinsu bai wuce kima ba, jakunkunan maiƙonsu ne dai suka fi na wasu saurin amsa umarni, kuma wannan ɗabi'a gado ce da ake samu daga iyaye.

Sai dai akwai inda ƙurajen suke zama alamar wata cuta ta daban, wadda bai kamata a shagala da fuska a manta da ita ba. A shekarar 1935 wasu likitoci biyu na birnin Chicago, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana wata lalura ta gidan ƙwai wadda yau ake kira PCOS, mai samun kimanin mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma alamominta su ne haila mai tsallake watanni, da gashi a haɓa ko ƙirji, da ƙiba, da jinkirin samun ciki, da ƙuraje masu taurin kai. Mai wannan lalura tana cikin haɗarin ciwon suga a gaba, saboda haka gano ta ya fi share fuska fa'ida. Haka nan magungunan tazarar haihuwa waɗanda ba su da estrojin, irin allurar wata uku da ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, sukan tayar wa wasu mata da ƙuraje, kuma hanyar da ta dace ita ce a koma wa ma'aikaciyar asibiti a yi shawarar sauyi, ba a bar tsarin a ɓoye ba. Wadda kuwa ƙuraje masu tsanani suka auka mata farat ɗaya, musamman bayan haila ta yanke, tare da kaurin murya da saurin tsirowar gemu da zubewar gashin kai, to, kada ta tsaya wajen mai kemis ko kwana ɗaya, domin akwai ƙari mai tatso androjin da kan zo da wannan siffa, ko da yake nadiri ne.

Maganar abinci tsohuwa ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci waɗannan 'yan ƙuraje na hanci da kumatu a cikin Al-Ƙanun, kuma likitocin zamaninsa, bisa mazhabarsu ta ɗabi'u huɗu, sun jingina irin wannan ga gurɓatar abin da ke gudana cikin jiki, wanda bai yi nisa da abin da tsofaffinmu ke nufi da zafin jini ba. Ilimin yau bai wanke abinci ɗungurungum ba, amma ya sauya wanda ake tuhuma. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man da ke cikin miya, waɗanda kullum su ake ɗora wa laifi, babu wata hujja mai ƙarfi a kansu, domin man da aka ci ba ya bin jini ya fito ta fuska. Abin da bincike ya fi nunawa da yatsa shi ne abinci mai saurin narkewa ya zama suga, irin farin burodi da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu, saboda yana tayar da insulin, shi kuma insulin yana zuga androjin da jakar maiƙo. A tsibirin Kitava na ƙasar Papua New Guinea, inda galibin abincin mutane doya ne da dankali da gwaza da kifi da kwakwa, an duba mutum 1,200, har da matasa 300, ba a sami mai ƙuraje ko ɗaya ba, aka buga wannan a 2002. Sa'an nan a 2005 wani ɗan Nijeriya, Dakta Clement Adebamowo, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard, ya bi bayanan ma'aikatan jinya mata 47,355, ya sami alaƙa tsakanin yawan shan madara a ƙuruciya da ƙuraje, musamman madarar da aka cire wa mai. Alaƙa ce dai, ba yankan shakka ba, kuma ba zan ce wa kowa ta bar fura da nono saboda ita ba. Rage suga kuwa, ga mai shekara 40, riba biyu ce ko da fuska ba ta sauya ba. Damuwa da ƙarancin barci su ma suna da hannu, don sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali suna taɓa jakar maiƙo, kuma shekarun nan su ne na ɗawainiyar 'ya'ya da jinyar iyaye gaba ɗaya.

Yanzu muka iso inda nake ganin ainihin musibar take a ƙasashenmu, wadda ba ƙurjin ba ce, tabonsa ne. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a, cewa duk inda kumburi ya taɓa ta, ƙwayoyin da ke ƙera launi sukan zubar da shi fiye da kima a wurin, don haka ƙurjin da ya yi kwana goma ya tafi sai ya bar baƙin tambari mai wata shida ko shekara, kuma gwargwadon girman mace gwargwadon jinkirin gogewarsa. Idan kowane wata ƙurji biyu ko uku suka fito suka bar shaida, kafin shekara ta kewayo haɓa ta yi dabbare-dabbare. Wannan tabo, ba son zama fara ba, shi ne ƙofar da mata masu kamun kai da yawa suka shiga harkar man bilicin ta cikinta. Takan je ne da niyyar goge tabo kawai, mai shago kuwa ya ce, "Hajiya, wannan ba bilicin ba ne, gyaran fata ne," ya miƙo mata kwalba marar suna wadda aka dama abubuwa huɗu ko biyar a ciki.

Abin da ke cikin irin wannan haɗi galibi bai wuce uku ba: hydroquinone, da sinadarin zaiba, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin clobetasol da betamethasone. Na ƙarshen nan shi ne mayaudari. Aikinsa na asali kashe kumburi ne, don haka a makon farko ƙuraje sukan kwanta, fata ta yi haske, har maƙwabta su fara tambayar sirrin. Bayan wasu makonni kuwa sai shi da kansa ya haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kama da juna, su bazu a goshi da kumatu da ƙirji, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsaga kafaɗa, gashi ya tsiro a fuska, ga kuma makero da ƙazwa suna samun wurin zama, kamar yadda Dakta Antoine Mahé da abokansa suka nuna a rahoton da suka buga a 2003 kan mata masu shafe-shafe a birnin Dakar. Idan ta tsorata ta daina, fuska ta yi ja ta kama ƙaiƙayi da zafi fiye da da, sai ta ɗauka rashin man ne cutar, ta koma masa, alhali shi ne. Wanda ya daɗe yana shafa shi a faɗin jiki kuma, maganin yakan ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Har magungunan kemis na halal, irin Funbact-A da Skineal, waɗanda aka yi don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki, suna ɗauke da sitiroyid a cikinsu, kuma mayar da su man shafawa na kullum zalunci ne ga fuska. Hydroquinone shi ma, in aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, yakan bar wani duhu mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu wanda kusan ba ya gogewa. Ƙwayoyin nan na ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa dexamethasone ne a cikinsu, ta baki suke yin irin wannan aika-aika.

An sha ambaton cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, adadin da ya yaɗu daga wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011. Ya kamata mai karatu ya san asalinsa bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka ɗora shi a kan ƙasa baki ɗaya akwai ƙari a ciki. Amma ko an rage, abin da ya saura ya isa ya sa hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira al'amarin matsalar lafiya ta gaggawa a shekarar 2023.

Akwai kuma ɓarnar da hannu ke yi. Matsa ƙurji mai zurfi ba ya fitar da shi, fasa shi yake yi ta ciki, abin da ke ciki ya watsu cikin nama, kumburi ya ninka, tabo ya ƙara baƙi, wani lokaci ma ya bar rami ko tudun tsoka ga masu irin wannan jiki. Abin sha'awa, malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun bambance tsakanin hali biyu a babin tsarki, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Halilu: abin da ƙurji ya zubar da kansa an yi rangwame a kansa ga mai salla, amma in mutum ne ya matse shi da gangan, rangwamen bai wuce ɗan kaɗan da bai kai faɗin dirhami ba. Ba likitanci suke koyarwa ba, amma hukuncin nasu da na likita sun haɗu a kan a bar shi. Dilka da goge-gogen amare, da sabulun salo mai kaifi, da lemon tsami, da man goge baki da wasu ke ɗigawa a kan ƙurji su kwana, duk suna ƙara fusata fatar da dama a fusace take. Man kitso mai nauyi da ke gangarowa goshi a ƙarƙashin ɗankwali cikin zafin bazara shi ma sananne ne, tun 1970 likitocin Philadelphia suka siffanta ƙurajen goshi da man gashi ke jawowa, kuma man kwakwa da hoda mai maiƙo da ake kwana da ita suna cikin wannan sahu.

Magani na gaskiya yana nan, kuma ba shi da tsada kamar yadda ake zato, sai dai sharaɗinsa ɗaya ne mai nauyi, wato lokaci. Tun da ƙurjin da zai fito wata mai zuwa yau ake gina shi, babu maganin ƙwarai da za a yi wa hukunci kafin mako 8 zuwa 12, kuma a faɗin wurin da ƙuraje ke fitowa ake shafa shi, ba a kan ƙurji ɗaya ba. Asasi shi ne wanke fuska sau biyu a yini da sabulu marar kaifi, da tafin hannu ba da soso ba, a bi da mai marar nauyi. A kan wannan ake ɗora benzoyl peroxide, mai kashe ƙwayar cutar ba tare da ta saba da shi ba, wanda mai ƙarfin kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10 kuma ya fi shi sauƙin ƙuna, sai dai yana cinye launin mayafi da rigar matashi, don haka a yi hattara da atamfa mai tsada. Sa'an nan dangin bitamin A na shafawa, wato tretinoin, wanda aka fara ba da izininsa a Amurka a 1971, da ƙanensa adapalene mai sauƙin hali, su ne ke buɗe toshewar tun daga tushe kuma su taimaka wajen goge tabo. Gwargwadon ƙwayar wake ya ishi fuska duka, da dare, a fara da sau biyu ko uku a mako, a ƙara a hankali, a kuma ja baya in hunturu ya shigo fata ta fara saɓa, domin a baƙar fata duk maganin da ya ƙona tabo zai bari. Azelaic acid kuwa, mai kashi 15 ko 20, a ganina shi ya fi cancanta a san shi a nan fiye da yadda aka san shi, don yana rage ƙuraje, yana dusashe tabo ba tare da ya ɗashe sauran fuska ba, kuma mai ciki da mai shayarwa suna iya amfani da shi. Man kariya daga rana, wanda da yawa ke ɗauka na Turawa ne, shi ke hana tabo ƙara duhu.

Idan na shafawa ya gaza, sai a hau mataki na sha, kuma daga nan aikin likita ne. Doxycycline yana kwantar da kumburi, amma na wata uku ne ko kusa da haka, tare da na shafawa, a sha shi da ruwa cikakken kofi kuma kada a kwanta nan take don yana ƙona maƙogwaro. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ana sha shekara da shekaru ba ya haifar da kome sai ƙwayoyin da suka fi ƙarfin magani. Ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da estrojin tana gyara mizanin nan da muka ambata, sai dai ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shan taba da ta wuce shekara 35. Wanda ya fi dacewa da manyan mata da yawa shi ne spironolactone, tsohon maganin hawan jini da kumburin jiki, wanda aka lura yana toshe wa androjin hanya. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta buga gwajin da aka yi a Birtaniya kan mata 410, waɗanda aka fara ba rabinsu miligiram 50 a yini sa'an nan aka kai 100, aka ga sun fi sauran samun sauƙi, kuma bambancin ya fi bayyana a mako na 24 fiye da na 12. Yana ƙara fitsari, yakan rikita haila, kuma mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril da danginsa sai an riƙa auna jininta, haka nan mai azumi cikin zafi ta tambayi likita lokacin shansa. Daga ƙarshe akwai isotretinoin, wanda ya fito a 1982, mai ƙanƙantar da jakar maiƙo cikin wata huɗu zuwa shida ko fiye, kuma shi ne mafi ƙarfin duka ga ƙuraje masu barin rami.

A nan dole a yi magana ba kwana-kwana, saboda matanmu da yawa suna haihuwa har cikin shekarun arba'in, kuma hailar da ke tsallake wata ba ta nufin ƙofar ciki ta rufe. Isotretinoin yana nakasa ɗan tayi nakasa mai muni, a ƙwaƙwalwa da zuciya da fuska, har ya sa Amurka ta kafa tsarin rajista na musamman a 2006 wanda ba a ba mace maganin sai da gwajin ciki kowane wata. Ba ya halatta a sha shi sai da tabbatacciyar hanyar hana ɗaukar ciki, tun wata guda kafin farawa har wata guda bayan gamawa, kuma da sanin maigida ya fi, don nauyin a kansu yake su biyu. Spironolactone da doxycycline da tretinoin da adapalene su ma duk ana ajiye su ga mai ciki ko mai neman ciki.

Maza ba su da yawa a wannan babi, kuma da yawan abin da suke kira ƙuraje a gemu ko a ƙeya na aski ne, gashi mai lanƙwasa ne ke komawa ya soki fata, maganinsa a bar aske shi ƙwal da reza. Sai kuma masu ɗaga ƙarfe da ke yi wa kansu allurar testosteron, waɗanda bayansu da kafaɗunsu ke tona musu asiri.

Likitocin fata kaɗan ne a Arewa, galibinsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma likitan asibitin gari ma yana iya fara mafi yawan abin da aka ambata, in an ba shi cikakken bayani. Wadda za ta je, ta tafi da lissafin hailarta na watannin baya, da sunan duk maganin da take sha, har na tarin fuka da na farfaɗiya da allurar bitamin B12, don su ma sukan tayar da ƙuraje, sa'an nan ta zuba dukkan mayukan da take shafawa a jaka ta kai, har da kwalbar nan marar suna, kada kunya ta sa ta bar ta a gida. Dalili kuwa shi ne, wadda ta daɗe a kan sitiroyid ba a yanke mata shi rana ɗaya, musamman in a jiki duka take shafawa ko ta baki take sha. Ana sauko da ita ne daki-daki, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, a kuma gaya mata tun farko cewa fuskar za ta ƙara lalacewa na wasu makonni, launinta na asali kuma zai dawo, kafin maganin ƙurajen ya fara nuna aikinsa.